Tuƙi A Shataletale: Wa Ke Da Hanya, Wane Layi, Wace Sigina?

Shataletale mahaɗar hanyoyi ce da aka yi wa tsibiri a tsakiya, kowane abin hawa ya iso sai ya zagaya tsibirin ta fuska guda kafin ya fita ta hanyar da ya nufa. A Nijar ana tuƙi a hannun dama, saboda haka tsibirin yana hagun direba muddin yana cikin zagayen. Haka abin yake a Najeriya tun ranar 2 ga Afrilu, 1972, da ƙasar ta bar tuƙin hannun hagu da ta gada daga Ingila.

Ba don ƙawa ake gina shi ba, ko da yake akan kafa hasumiya ko a dasa furanni a tsakiyarsa. Injiniyoyin hanya sun ƙirga wuraren da mota ke iya cin karo da wata a mahaɗa mai ƙafa huɗu, suka samu 32. Idan aka mayar da mahaɗar shataletale mai layi guda, sai su ragu zuwa 8. Waɗanda suka ɓace kuwa su ne mafi muni: karon gaba da gaba, da wanda mota ke soke 'yar'uwarta a haƙarƙari tana tafe da gudu. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2001 ya duba mahaɗu 24 da aka mayar shataletale, ya gano haɗurran da ke jikkata mutane sun ragu da kashi 76 cikin 100. Sai dai wannan amfani yana da sharaɗi. Galibi shataletale ba shi da fitilar ja da kore da za ta tsayar da wani ta saki wani. Direbobi ne ke raba hanya a tsakaninsu, kuma ba su da abin fahimtar juna sai layin da kowa ya zaɓa da siginar da ya kunna.

Gundumomin Gidan Rumji, Agye da Gazawa a jihar Maraɗi duk a kan hanya guda suke, wato babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 da ta taso daga Yamai ta bi Doso, Dogon Dutse, Birnin Ƙonni da Madawa, ta shigo Gidan Rumji, ta wuce gefen Maraɗi, ta ratsa Cadawa, Agye da Gazawa, sannan ta nufi Tasawa da Damagaram har Difa. A kanta tankokin man da ke fitowa daga matatar Damagaram, wadda aka buɗe a 2011, suke bi zuwa yamma. A kanta manyan motocin fasinja na kamfanoni ke sheƙa gudu. A kanta kuma ake ɗauko aya, wake, gero da gyaɗa daga ƙauyukan Cadawa, Gangara, Sae Sabuwa da Cadakori zuwa kasuwa, wani a Hiace, wani a babur, wani a amalanken shanu. A mafi yawan tsawonta layi guda ne na zuwa, guda na dawowa. Direban da ya taso a wannan yanki yakan ƙware a wuce tirela da kauce wa rami da dabba, amma bai cika haɗuwa da wurin da sai ya zaɓi layi ba. Da ya shiga Maraɗi, wadda aka faɗaɗa titunanta a shirin Maraɗi Kwalliya na 2015, ko ya bi ta Ɗan Isa da Jibiya ya faɗa Katsina da Kano, ko ya isa Yamai ya tarar da shataletalen Gadafawa ko na Wadata cike da motoci, sai ya ga ƙwarewar doguwar hanya ba ta ishe shi ba.

Doka biyu a kan hanya guda

Babban ruɗanin yana kan tambayar wa ke da hanya, kuma yana da asali. Shataletalen farko-farko, kamar na Columbus a New York a 1905 da wanda ya zagaye wata babbar ƙofar tarihi ta birnin Paris a 1907, sun bi ƙa'idar da aka saba da ita a kowace mahaɗa: a ba wanda ya fito ta dama hanya. A zagaye, wanda ke dama shi ne mai shigowa. Ma'ana wanda ke ciki ne zai tsaya wa wanda ke waje. Da motoci suka yawaita sai aibin tsarin ya bayyana: ana ta shiga, ba mai iya fita, har zagayen ya cushe ya kulle kansa. Ingila ce ta juya dokar a 1966, ta ce mai shigowa ne zai jira wanda ke ciki. Faransa ta bi sahu a 1984, amma ba ta share tsohuwar ƙa'idar ba. Ta ce sabuwar tana aiki ne a inda aka kafa allon da ke cewa a ba da hanya. Har yau a wancan shataletale na Paris mai shigowa ne ke da hanya.

Nijar ta gaji tsarin hanyarta daga Faransa, Najeriya daga Ingila. Tsakanin Maraɗi da Katsina kuwa ba a kai kilomita 100 ba, kuma motocin ɓangarorin biyu a cakuɗe suke kullum. Sai a samu direbobi biyu sun iso wuri guda, wanda ya koya a Katsina ya tabbata na ciki ke da hanya, wanda aka cusa wa ba wa na dama hanya tun yana neman permi shi ma ya tabbata tasa ce. Kowa yana ganin shi ke da gaskiya, ba mai taka birki.

Abin da ke raba gardamar shi ne allo. Allon gargaɗi mai kusurwa uku, ja a gefe, da kibiyoyi uku suna bin juna a da'ira, yana sanar da cewa akwai shataletale a gaba. Shuɗin allo mai zagaye da fararen kibiyoyi uku yana nuna fuskar da dole a bi. Wanda ya fi su muhimmanci shi ne mai kusurwa uku da aka kifa kansa ƙasa, wani lokaci da rubutun Faransanci a ƙarƙashinsa, Cédez le passage, tare da farin layi mai gutsuri-gutsuri a kan kwalta. Duk inda aka ga wannan, mai shigowa ne zai dakata, ya duba hagunsa, ya jira sarari. Inda babu shi, a tsarin da aka gada daga Faransa, ƙa'idar ba wa na dama hanya ce ke aiki. Idan akwai fitilar hanya, ta fi allo ƙarfi. Idan ɗan sanda ko jandarma na tsaye yana ba da hannu, ya fi duka biyun.

Matsalar ita ce allo kan faɗi, ko rana ta cinye fentinsa, ko a lulluɓe shi da takardun talla da hotunan 'yan takara. A irin wannan hali hanya mafi aminci guda ce: mai shigowa ya ɗauka na ciki ba zai tsaya ba, na ciki kuma ya sa ƙafarsa kusa da birki don ƙila mai shigowa bai san zai tsaya ba. Girman mota ba ya ba kowa hanya. Wannan ra'ayi na cewa ƙarami ne zai kauce wa babba ya yi kaka-gida a zukatan masu tuƙi da yawa, kuma babu shi a kowace dokar hanya.

Aikin yana farawa tun kafin a isa

Yawancin kuskuren da ke bayyana a cikin zagaye tun daga nesa aka tafka shi. Mota mai tafiyar kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa. Mai tafiyar 50 tana cin kusan mita 14, mai 30 kuma mita 8 da ɗoriya. Direba mai hankali a jikinsa yana buƙatar kimanin daƙiƙa guda tsakanin ganin haɗari da taka birki. A gudun 50, kafin mota ta tsaya cak a busasshiyar kwalta ta ci kusan mita 27. A gudun 30, kimanin rabin haka. Don haka ake so a shiga ƙaramin shataletale da gudun da bai wuce 30 ba, a kuma sauko da giya tun da sauran tazara, ba a bari sai a bakin layi a danne birki ba. Wanda ya taso daga Gidan Rumji zuwa Maraɗi ya daɗe yana gudu, ƙafarsa ta saba, idonsa ya saba. Idan ya shigo gari yakan ji kamar ya rage gudu sosai alhali allurar mita na kan 60. Duba mita ya fi dogaro da yadda jiki ke ji.

A wannan tazara ce kuma ake yanke shawarar mafita. Direba ya san tun bai shiga ba ko dama zai yi, ko miƙewa, ko hagu, domin daga nan ne layi da sigina ke fitowa.

Wanda zai fita ta mafitar farko, wato dama, ya kama layin dama, ya kunna siginar dama tun kafin ya iso, ya bar ta a kunne har ya fita. Wannan ba ya da wuya.

Wanda zai miƙe shi ma layin dama ne nasa, sai fa in kibiyar da aka zana a kwalta ta nuna wani abu dabam. Ba ya kunna komai a lokacin shiga. Yana wuce mafitar da ke gaban tasa sai ya kunna siginar dama, ya fita.

Wanda zai yi hagu ko zai juya ya koma inda ya fito, idan shataletalen mai layi biyu ne, ya koma layin hagu tun a waje, ya kunna siginar hagu, ya shiga layin ciki kusa da tsibiri. Da ya wuce mafitar da ke gaban tasa sai ya duba madubin tsakiya da na dama, ya ɗan waiga ta kafaɗarsa ta dama saboda akwai gurbin da madubi ba ya nunawa, ya kunna siginar dama, ya koma layin waje, sannan ya fita. A nan akwai ƙa'idar da mutane ke mantawa: mai canja layi ba shi da hanya a kan wanda ke cikin layin da yake son shiga. Idan layin waje a cike yake, ba a tsayawa a tsakiya ana oda, ba a kuma yanko wa mutane gaba. Sai a sake zagayawa. Zagaye guda a ƙaramin shataletale bai kai rabin minti ba.

Baƙon da bai san mafitarsa ba, ko mai babur da mai keke da ke tsoron ratsa layuka, yana iya zama a layin waje har ya kai inda za shi, amma da sanin cewa a kowace mafita akwai mai son fita ta gabansa.

Siginar fita

Cikin duk waɗannan, siginar dama ta lokacin fita ce aka fi yin sakaci da ita, kuma ita ce ke tafiyar da shataletale. Mutumin da ke jira a bakin layi yana kallon motar da ke zuwa ta hagunsa. Idan ta kunna siginar dama ya san za ta fita kafin ta iso gare shi, sai ya shiga. Idan ba ta kunna ba dole ya jira, sai kuma ya ga ta fice. Ya yi asarar sarari, layin da ke bayansa ya ƙara tsawo, an fara oda. Bayan an yi masa haka sau biyu ko uku sai ya daina yarda da kowa ya fara shiga da ka. Da yawa daga cikin cunkoson da ake ɗora wa ƙanƙantar hanya daga nan yake tasowa.

Kunna ta da wuri ma illa ce, har ya fi rashin kunnawa haɗari. Wanda ya sa siginar dama tun yana da sauran mafita guda a gabansa ya yi wa mai jira alkawarin da ba zai cika ba. Mai jira zai shigo, a haɗu. Haka wanda ya manta da siginarsa a kunne tun daga wata kwana, abin da ya fi yawa a babura, domin tasu ba ta mutuwa da kanta kamar ta mota.

Akwai kuma al'adun doguwar hanya da ake shigowa da su gari. Tsakanin Agye da Gazawa, idan direban tirela ya kunna siginar dama, na baya kan fahimci ana ce masa gaba a buɗe take, ya wuce. Idan ya kunna ta hagu, ana ce masa ya dakata akwai mota tafe. Da dare ma wasu kan kunna ta hagu don nuna wa mai tahowa iyakar faɗin motarsu. Wannan yare ne na direbobi, ba na doka ba, kuma a shataletale ma'anarsa ta sha bamban: dama na nufin fita, hagu na nufin ci gaba da zagaye. Wata al'adar da ta yaɗu ita ce kunna sigina biyu a lokaci guda don a ce miƙewa za a yi. Waɗannan fitilu na motar da ta lalace ne ko wadda ke gargaɗin haɗari. Wanda ke gefe guda kawai yake gani, sai ya ɗauka kwana za a yi ta wajensa.

Yanke hanya

Kuskuren da ya fi kowanne muni shi ne bin zagaye a baibai. Ɗan kabu-kabu ya ɗauko buhun aya a baya, fasinja a kan buhun, hagu zai yi. Maimakon ya zagaye kashi uku cikin huɗu na tsibirin, sai ya ga ai ga hanyar can kusa, ya yanke ta gaban tsibirin ya shige. Abin da bai lura da shi ba shi ne, direban da ke shirin shigowa ta waccan hanya fuskarsa na hagu, domin ta nan kaɗai doka ta ce abin hawa zai fito. Yana ganin sarari sai ya saki kuloci ya taka totur, bai kalli dama ba ko sau ɗaya. Babur ɗin kuwa ta dama yake tahowa. Karon gaba da gaba da aka gina shataletale don kawar da shi, ga shi an dawo da shi don tsimin 'yan daƙiƙoƙi da man da bai cika cokali ba.

Na biyu a muni shi ne kutsawa ta damar babbar mota. Tirela mai tsawon mita 16 ko fiye ba ta iya bin layi guda a ƙaramin zagaye. Tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba. Sukan yanko ta ciki. Saboda haka direbanta kan buɗe zuwa hagu kafin ya karya dama. Wannan buɗewa tana barin wani fili a damarsa, mai babur ko mai adaidaita ya hango ya ce ga hanya. Daƙiƙa biyu bayan haka bodin tirelar ya rufe filin, kuma direban, da yake zaune a hagu can sama, bai ma san akwai mutum a wurin ba. Ba a jerawa da tirela ko tanka ko babbar bas a cikin shataletale, ko da layi biyu ne. A bar ta ta gama fita. Wanda ba ya hango fuskar direba a madubin motar, direban ma ba ya ganinsa.

Sauran kurakuran sanannu ne: tsayawa a cikin zagaye ko a bakin mafita don sauke fasinja ko ɗaukar lodi, ja da baya saboda an wuce mafita, tsallakowa daga layin ciki kai tsaye zuwa waje, miƙe zagaye ta hanyar taka layuka biyu don kada a rage gudu, da riƙe waya a kunne a daidai wurin da ake buƙatar hannu biyu, ɗaya a sitiyari ɗaya a giya da sigina.

Waɗanda ba su da sigina

A wannan yanki hanya ba ta masu inji ba ce su kaɗai. Ranar kasuwa amalanken shanu da na jaki, masu tura kura, garken awaki, yara masu talla da mata ɗauke da kaya duk a mahaɗa suke ratsawa. Amalanke ba ya da birki na kirki, ba ya da fitila, kuma sa ba ya tsayawa don an yi masa oda. Wani lokaci firgita yake yi. Mai amalanke da mai keke siginarsu hannu ce: a miƙa shi ta ɓangaren da za a juya, da wuri, a kuma waiga. Direba kuma ya ba su lokacin da suke buƙata, domin amalanken da ya shiga zagaye yana da haƙƙin gama shi kamar kowace mota.

Mai tafiya a ƙasa ba ya ratsa tsibirin tsakiya. Yana tsallaka kowace ƙafa ta hanya ne ɗan nesa da bakin zagaye. Wurin da aka fi buge shi shi ne mafita, inda direba ya ji ya kuɓuta ya fara ƙara wuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mutuwar wanda mota ta buge yana ninkawa sau huɗu da rabi idan gudu ya tashi daga kilomita 50 zuwa 65. Rahotonta na 2023 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya kowace shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur, kuma Afirka ce ke kan gaba idan aka auna da yawan jama'a.

Yanayi ma na da nasa rabo. Rairayin da iska ke tarawa a gefen kwalta ya fi taruwa a layin waje, daidai inda babur ke kwantowa don shan kwana. Taka birkin gaba a kansa faɗuwa ce. Hazon hunturu yana rage nisan gani, ruwan farko na damina kuma yana tayar da man da ya daɗe yana ɗiga a kwalta ya mayar da ita santsi.

Nijar tana da dokar hanya da aka sabunta a 2014, tana kuma da hukumar kiyaye haɗurra ta ANISER, kamar yadda Najeriya ke da FRSC tun 1988. Abin da ake buƙata a ƙasa bai fi ƙarfin ma'aikatun magadan gari ba: a mayar da allon da ya faɗi, a sabunta fentin layuka da kibiyoyi, a share rairayi, a matsar da masu sayar da kaya da wurin tsayawar babura daga bakin mafita. Inda aka ce na ciki ke da hanya, a kafa allon a kowace ƙafa, ba a guda biyu a bar biyu ba.

Da yawa daga masu tuƙin Gidan Rumji, Agye da Gazawa a tasha suka koya, daga yaron mota zuwa direba, kuma ɗan kabu-kabu sau da yawa ranar da ya karɓi babur ranar ya fara aiki. Makarantar koyon tuƙi ba za ta kai ga waɗannan ba, amma shugabannin ƙungiyoyinsu suna ganinsu kowace safiya. Ya kamata sarakunan tasha da shugabannin 'yan kabu-kabu su zana da'ira a ƙasa su nuna wa kowane sabon shiga layin dama, layin ciki da wurin kunna siginar fita, su kuma hana lodi ga duk motar da siginarta ba ta aiki har sai an gyara.